Rana Dubu Ta Mai Kaya: Ta Ina Za A Gyara Ɓarawon Sihiri?

A ce mutum biyar ne kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir, ga ƙwayoyin lido zube a tsakiya, wasu masu fuska shida, ɗaya mai fuska ashirin. Huɗu daga cikinsu kowa na riƙe da jarumi guda. Na biyar shi ne jagora: shi ke ba da labari, shi ke sako dodanni, shi ke raba gardama. Haka ake buga Dungeons & Dragons tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. To cikin huɗun nan, ɗaya ya zaɓi jarumin da sana'arsa ita ce sace laƙanin matsafa ya juya shi a kansu. Zama uku a jere ana fafatawa da kyarketai da ƙwarangwal masu tafiya da 'yan fashi masu gatari, babu ko ɗaya mai sihiri. Gogan naka yana can baya yana soke-soken da ba su taka kara sun karya ba. A zama na huɗu aka iske babban matsafin da jagora ya yi makonni yana shiryawa. Suka ɗaya ɓarawon ya yi masa ta baya, ya zare laƙanin da aka gina faɗan gaba ɗaya a kansa, ya mayar masa da shi. Kafin shayi ya huce an gama.

A zama ukun farko mai jarumin ne ke ƙorafi. A na huɗu jagora ne. Kuma duk biyun suna da gaskiya. Wannan ce matsalar da masu tsara wasanni suka yi shekara ashirin suna juyawa, kuma a ganina yawancin gyare-gyaren da ake kawowa suna sosa inda ba ya ƙaiƙayi ne, domin ana ta ƙara lamba ana rage lamba, alhali ciwon ba a lambar yake ba.

A fara da asalin abin. A 2005 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da littafin Complete Adventurer don bugu na 3.5 na wasan, a cikinsa kuma akwai ajin da aka sa wa suna Spellthief, wato ɓarawon sihiri. A wasan, jarumi yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20, laƙani kuma yana da daraja daga sifili zuwa 9. Ƙa'idar ɓarawon ita ce: idan ya shammaci abokin gaba ya soke shi, yana iya yafe ƙwaya ɗaya mai fuska shida daga raunin da zai yi masa, a madadinta ya zare laƙani guda. Mai laƙanin ya rasa shi, ɓarawo ya samu, kuma idan ya jefa shi zai fita da ƙarfin mai shi na asali. A mataki na 1 ƙananan laƙanai kawai yake iya ɗauka. A na 4 ya kai daraja ta 2, a na 6 ta 3, haka ake tafiya bibbiyu har mataki na 18 inda hannunsa ke kai wa daraja ta 9. An ɗaure shi da igiya biyu. Ta farko, abin da ya sata sa'a ɗaya ne ransa, in bai jefa ba ya bi iska. Ta biyu, jimillar darajojin da ke hannunsa ba za ta wuce matakinsa ba, wato a mataki na 10 laƙani biyu masu daraja ta 5 sun cika masa aljihu.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. Sai an duba kuɗin da ya biya. Ɓarawo na gama-gari a wannan bugu yana ƙara ƙwaya ɗaya a sukar shammata duk bayan mataki biyu, har ya kai goma. Ɓarawon sihiri kuwa sai bayan mataki huɗu, ya tsaya a biyar. Tunda matsakaicin abin da ƙwaya mai fuska shida ke bayarwa uku da rabi ne, a ƙarshen tafiya wancan yana ƙara 35 a kowace suka, wannan 17 da rabi. Makin ƙwarewa ma shida yake samu a kowane mataki inda wancan ke samun takwas. Laƙanansa na kansa ba sa zuwa sai mataki na 4, kuma ba sa wuce daraja ta 4. Ga wani ƙarin gishiri a gyambo: a bugu na 3.5 gawarwaki masu tafiya da mutum-mutumin da aka ƙera da sihiri da dodannin tsirrai ba sa jin sukar shammata sam. Matsafin da ya mutu ya tashi, wanda aljihunsa ya fi na kowa cika, shi ne wanda ɓarawon ba zai iya taɓawa ba.

Ga asalin ciwon. Mayaƙi da takobinsa yake kwana, da shi yake tashi. Matsafi ya san abin da ke cikin kundinsa tun da asuba. Ɓarawon sihiri shi kaɗai ne wanda dukiyarsa ke aljihun wani, wanin kuma jagora ne ke yanke ko zai bayyana yau ko ba zai bayyana ba. Saboda haka tambayar “ajin nan yana da ƙarfi ko rauni?” ba ta da amsa guda. Yana da ƙasa, yana da sama, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi ta kowane aji faɗi. Wanda ya ɗauki matsakaici ya ce ai daidai yake, kamar mutumin da ƙafarsa ɗaya ke cikin garwashi ɗaya cikin randa ne ake ce masa jikinsa ba zafi ba sanyi. In ka ƙara masa ƙarfin sata, ka ɗaga saman da dama shi ke damun jagora, ranakun yunwa kuma suna nan. In ka rage, ka ƙwace masa rana ɗayar da yake jira.

Kamfanin ya gane akwai matsala. A 2007, cikin littafin Complete Scoundrel, ya kawo wata baiwa mai suna Master Spellthief da ke haɗa matakan ɓarawon da na sauran ajujuwan sihiri wajen lissafin darajar da zai iya sata. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar duba: mutum ya ɗauki mataki ɗaya ko biyu na ɓarawon, ya zuba sauran a cikakken matsafi, ya samu satar da kuma kundin. Maganin ya yi aiki, amma ta hanyar nuna wa mutane ƙofar fita daga ajin.

Akwai kuma wata kafa da ya kamata a tsaya a kanta, domin takan rikita masu gyara. Ƙa'idar 2005 ta yarda ɓarawon ya karɓi laƙani daga wanda ya amince, ta hanyar taɓa shi kawai, ba suka ba jini. Wato abokin tafiyarsa matsafi ko malamin warkarwa zai iya miƙa masa. Da yawa suna ganin wannan a matsayin ɓaraka, don tana sa ƙungiya ta jefa manyan laƙanai biyu a zagaye ɗaya, kuma laƙanan da aka tsara don mai su kaɗai su koma jikin wani. Ni kuwa ina ganin wannan kafar ce kaɗai ƙasan da ajin ke tsaye a kai. Ita ce ke ba shi abin yi ranar ƙwarangwal. Illarta ba ƙarfi ba ne. Illarta ita ce tana mayar da ɓarawo maroƙi. Wanda ya zaɓi ajin don ya riƙa yashe maƙiya sai ya tsinci kansa kowace safiya yana cewa abokinsa, “Taimaka mini da ɗaya.” Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Da bugu na 5 ya zo a 2014, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. An soke ajin, satar sihiri ta koma baiwa guda ta wani reshen ɓarayi mai suna Arcane Trickster, kuma ba a samunta sai mataki na 17. Idan wani ya jefa laƙanin da ya shafe ka, kana tilasta masa jifan tsira, wato ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin ya ga ko zai kuɓuta. In ya faɗi, laƙanin ba zai taɓa ka ba, kuma ka san shi na tsawon sa'a takwas, shi kuma ba zai iya jefa shi ba a wannan lokaci. Sharaɗin satar: dole laƙanin ya kasance cikin darajar da kai ma kake iya jefawa, da gurabunka (wato ƙayyadaddun damarka na jefa laƙani) za ka jefa shi, kuma sau ɗaya ne sai an yi dogon hutu.

A auna wannan. A mataki na 17 matsafin ƙungiya ya fara jefa daraja ta 9. Shi kuwa wannan reshe daraja ta 3 ce iyakarsa, ta 4 sai mataki na 19. Maƙiyan da ake karo da su a wannan matsayi suna ruwan daraja ta 7 da ta 8 da ta 9, kai kuma abin da za ka iya ɗauka bai wuce dunƙulen wutar da matsafi ke jefawa tun mataki na 5 ba. Sai lissafin sa'a. Ɓarawo mai basira 16 yana kafa shingen 17, wato lambar da dole jifan maƙiyi ya kai kafin ya tsira. Matsafi mai basira 20 yana ƙara 5 a jifansa, wato 12 zuwa sama ya tsira. Fuska 11 cikin 20 ne naka, kashi 55 cikin ɗari, in ma ba a ƙara masa komai ba. Manyan dodanni kuma da yawansu suna da ikon mayar da faɗuwa ta zama tsira sau uku a rana. Ka jefa damarka guda, ya ɗaga kafaɗa, sai gobe. A gefe ɗaya ga laƙanin Counterspell mai daraja ta 3, wanda ke kashe sihirin maƙiyi ga kowa da kowa, wanda shi kansa wannan ɓarawo yana iya koyonsa a mataki na 14. Gaskiya ita ce baiwar tana da amfani, amma a matsayin garkuwa: tana iya tsame ka daga laƙani mai daraja ta 9 ba tare da ka kashe gurbi ba. Sata ce kawai babu a ciki. Kuma wasanni kaɗan ne ke daɗewa har su kai mataki na 17, don haka da yawa sun yi shekaru da wannan jarumi ba su taɓa ganin baiwar da idonsu ba.

Daga baya ƙasar ma ta ƙara zamewa. Littafin Monsters of the Multiverse na 2022 ya sauya fasalin matsafan dodanni da dama, inda aka mayar da babban harinsu wani aiki na sihiri da ba a lissafa shi a matsayin laƙani. An yi haka ne don sauƙaƙa wa jagora, amma abin da ba laƙani ba ba ya satuwa. Babu wanda ya taɓa rubutun baiwar, amma ta rage daraja, domin kasuwar da take ci ta rage kaya. Sabon littafin 'yan wasa na 2024 ya ɗan gyara: jifan tsiran ya koma na basira kai tsaye, wanda ya fi kama malaman addu'a da masu sihirin gado fiye da masu kundi, kuma damar ba ta ƙarewa sai an yi satar. Gyara ne mai kyau. Mataki na 17 da rufin daraja ta 3 dai suna nan inda suke.

Wasannin kwamfuta sun fuskanci wannan tambaya, kuma biyu daga cikinsu sun ba da amsar da ta fi ta tebur.

A World of Warcraft, kamfanin Blizzard ya ba matsafa Spellsteal a faɗaɗawar Burning Crusade ta 2007. Ba ya satar laƙanin hari; kariya ko ƙarin ƙarfin da ke jikin maƙiyi yake cirewa ya dawo da shi jikinka, na tsawon da bai wuce minti biyu ba, kuma yana cin ƙarfin sihiri da yawa. Abin lura shi ne abin da suka yi da duniyar wasan. A kogon Gruul, inda mutum 25 ke shiga tare, akwai faɗan sarki Maulgar da 'yan majalisarsa huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Krosh Firehand, yana jefa wutar da babu mayaƙin da zai jure, yana kuma lulluɓe kansa da garkuwar da ke rage raunin sihiri. Hanyar cin faɗan ita ce matsafi, wanda a al'ada shi ne mafi laushin jiki, ya sace garkuwar ya tsaya gaban Krosh ya sha wutar. Ba su bar satar ga sa'a ba. Sun gina ɗaki, sun ajiye kayan a ciki, sun ce wa ɓarawo ga ƙofa.

Dota 2 na kamfanin Valve ya bi ta wata hanya da jarumi Rubick. Tunda kullum biyar da biyar ake karawa, kuma kowane jarumi na da laƙanai, ranar yunwa ba ta taso ba. Ƙa'idar da ta fi burge ni ita ce wannan: Rubick laƙanin ƙarshe da abokin gaba ya jefa yake ɗauka, ba wanda ya ga dama ba, ba kuma na caca ba. Daga wannan layi ɗaya wasa guda ya tsiro. Mai riƙe da jarumi Tidehunter da ya san aikinsa, da zarar ya saki babban laƙaninsa sai ya bi shi da ƙarami nan take don ya rufe sawu. Mai Enigma kuwa ba shi da wannan damar yayin da yake riƙe da baƙin raminsa, don dole ya tsaya cak, shi ya sa yake fargabar ganin Rubick a wancan ɓangare. Wanda za a yi wa sata yana da abin yi, ɓarawo yana da ɗan lokacin da zai yi wuf. Kuma mai laƙanin ba ya rasa nasa. Riot Games ma haka ta yi da Sylas a League of Legends a 2019: kwafin babban laƙanin maƙiyi yake ɗauka, kuma sai an jima kafin ya sake taɓa mutum ɗaya. Square Enix ita kam sallamawa ta yi. Da ta kawo shuɗin matsafi mai koyon sihirin dodanni cikin Final Fantasy XIV a farkon 2019, sai ta killace shi a matsayin aji mai iyaka da ba ya shiga layin haɗa ƙungiya na yau da kullum. Wannan ma amsa ce, amsar wanda ya ce a ɗaure akuya tunda an kasa gyara danga.

To in ni aka ba alƙalami, daga ƙasa zan fara, ba daga sama ba. Ɓarawon 2005 yana buƙatar abin sata a ranar da babu matsafi. Duniyar wasan cike take da sihirin da ba ya tafiya da ƙafa: tarkon da aka binne a bakin ƙofa, sandar tsafi, hatimin da aka rufe akwati da shi, har ƙarfin da ke riƙe da ƙasusuwan ƙwarangwal ɗin nan. A bar shi ya tsotsi waɗannan, ko da abin da zai samu gurbi ne na jefa nasa ƙananan laƙanai. A kuma sassauta sa'a ɗayar nan ga ƙananan kaya: laƙani guda da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na matakinsa ba ya kwana da shi har ya jefa. Da wannan kaɗai, zama ukun farko na labarinmu sun sauya, ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya a sukarsa ba. Karɓa daga aboki kuma a bar ta, amma sau ɗaya daga kowane mutum tsakanin hutu da hutu, kuma ta fita da ƙarfin ɓarawon ba na mai bayarwa ba. Sata daga maƙiyi ce ya kamata ta fi daɗi.

Saman kuwa, ban yarda a rufe shi da daraja kaɗai ba, don abin da ya kashe baiwar 2014 ke nan. Daɗin ajin gaba ɗaya yana cikin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka. A ɗaure shi da lokaci da haɗari. Laƙanin da ya wuce darajarsa, ya riƙe shi na minti ɗaya, jifa ɗaya, kuma kafin ya fita sai ya jefa ƙwaya. In ya gaza, abin ya fashe a hannunsa ya ji rauni gwargwadon darajar. Sannan a ari ƙa'idar Rubick: abin da matsafi ya jefa na ƙarshe, ko wanda ɓarawon ya gani da idonsa a wannan faɗa, shi ke satuwa. Wannan yana kashe tsuntsu biyu. Babban matsafin jagora zai samu ya nuna bajintarsa ko sau ɗaya kafin a yashe shi, kuma ba sai an dakatar da wasa ana buɗe littafi ana jefa ƙwaya don gano wanne aka ɗauka cikin laƙani ashirin ba. Duk wanda ya taɓa jan wasa ya san minti biyar na bincike a tsakiyar faɗa ya fi kowane dodo kashe armashi.

Ga bugu na 5, zan sauko da baiwar zuwa tsakiyar tafiya, wajen mataki na 9, da ƙaramin siffa, ta girma daga nan. Abin da aka sata a jefa shi sau ɗaya ba tare da gurbi ba. Rufin fa? Rabin mataki irin na 2005 zai ba shi daraja ta 8 a mataki na 17, wannan kuwa ya yi yawa ga wanda bai yafe komai daga ƙwayoyi tara na sukarsa ba. Daraja ta 5 ta isa: ta wuce abin da yake iyawa da kansa, ba ta kai inda zai ture matsafin ƙungiya daga kujerarsa ba.

Wani zai ce ai duk wannan aikin jagora ne, ya riƙa sako matsafa kawai. Akwai gaskiya a ciki, kuma darasin Krosh ke nan. Amma aji da ba ya rayuwa sai jagora ya tuna da shi kowane mako, nauyi ne aka ɗora wa mutumin da dama kayansa sun yi yawa. Abin da ya dace da jagora shi ne gwaji, ba reno ba. Kafin ya amince da kowane gyara, ya buga faɗa uku shi kaɗai a takarda: ɗaya babu mai sihiri ko ɗaya, ɗaya da ƙaramin matsafi cikin taron mayaƙa, ɗaya da babban maƙiyi. A na farko ya ƙirga zagaye nawa ɓarawon ya yi abin da wani a ƙungiyar ba zai iya ba. A na uku ya ƙirga zagaye nawa maƙiyin ya rayu. In na farko sifili ne, ƙasa ba ta gyaru ba. In na uku ɗaya ne, sama a buɗe take.

Akwai gwaji na huɗu da ba a cika yi ba: a ba maƙiyi wannan baiwar da aka gyara, a sa shi ya fuskanci 'yan wasa. A ƙa'idar 2014 hakan na nufin malamin warkarwa na ƙungiya ya wayi gari ba zai iya jefa laƙanin da ya dogara da shi ba har sa'a takwas, saboda ƙwaya ɗaya da ta faɗi ba daidai ba. Dodo ba ya ƙorafi in an yi masa haka, don yawanci ba ya kai zagaye na huɗu da rai. Ɗan wasa kuwa zai zauna ne har a tashi yana kallon takardarsa. Shi ya sa a nawa gyaran kullen ba zai wuce ƙarshen faɗan ba, ko wa aka yi wa satar.